Ranar da Aka Kai Ba-Sulhu Ramin Yanyawa

Baba Jaji mafarauci ne, ɗan mafarauci. A Kafin Dashi, gabas da Aujara, babu wanda ya kai shi sanin kare, kuma shi ne yake fara faɗin haka. Shekarunsa sun haura saba'in. Gwiwa ta fara gardama, ido ya rage, amma baki yana nan yadda yake.

A da, karnuka tara ke bin sa daji. Yanzu saura ɗaya. Sunansa Ba-Sulhu.

Uwar karen kububuwa ce ta sare ta tun 'ya'yanta ba su buɗe ido ba. Huɗu suka bi ta. Ɗaya ya rage, ja mai farin ƙirji, Baba Jaji ya raine shi da nonon akuya a ludayi. Kuma ya yi masa abin da babu mafaraucin da ya taɓa yi. Sauran mutane sai kare ya girma suke shinshina masa fatar dabba. Shi kuwa ya ɗauko fatar wata yanyawa da ya kashe a ranin nan, ya shimfiɗa wa kwikwiyon a cikin kwando. A kanta ya sha nono, a kanta ya yi barci wata shida.

"Warin ya shiga jininsa tun bai san sunansa ba," in ji Baba Jaji. "Ranar da ya girma, ko ƙasa ta bakwai yanyawa ta shiga sai ya tono ta."

Ba tsawo ne ke sa a kai kare ga yanyawa ba. Ƙarama ce, ba ta fi babbar kyanwa ba, sai kunnuwa da wutsiya. Amma haƙoranta allura ne, kuma a bakin rami hanci take kamawa. Kwikwiyon da ta ciji hancinsa a fitarsa ta farko ya gama farauta. Saboda haka ake duba alamu. Haƙoran nono su zube, na gaske su zauna. Tafin ƙafa ya yi kanta, ƙaya ta daina sa shi ɗingishi. Ya kamo zomo da kansa, ya kawo bai ci ba. Yawancin karnuka suna kaiwa nan a damina ɗaya da rabi.

Ba-Sulhu ya ga damina uku. Haƙora sun zauna, tuwon dawa ya shaida. Tafin ƙafarsa kuwa laushi gare shi kamar na jariri, don inuwa yake bi duk inda ta juya. Zomo ɗaya ya taɓa kora. Zomon ya gaji ya tsaya, shi ma ya tsaya, suka dubi juna, kowa ya kama gabansa.

Duk wanda ya tambayi Baba Jaji yaushe za a kai karen rami, amsar ɗaya ce: "Bai isa ba."

A bazarar bana yanyawa ta gano akurkin Iya Fatsuma, matar Baba Jaji. Ta fara da 'yan tsaki. Ta koma kan budurwar kaza. Ranar wata Litinin da safe aka wayi gari babu uwar kajin, wake-wake mai kwanci a kan ƙwai goma sha biyu, sai gashi a warwatse a bayan rumbu.

"Maigida," in ji Iya Fatsuma daga tsakar gida, "fito ka ga aikin jaruminka."

Baba Jaji ya fito. Ga sawun yanyawa ɓaro-ɓaro a kan yashi, daga gindin danga zuwa akurki. Ga Ba-Sulhu kwance a kan sawun, ciki a sama, ƙafafu huɗu a iska.

"Nazarin sawun yake yi," in ji Baba Jaji.

"Da ido a rufe?"

"Kare da hanci yake aiki."

"To hancin ma minshari yake yi."

Baba Jaji ya koma ɗaki. Mace ba ta san kare ba.

Da abin ya tsaya nan, da ya wuce kamar sauran. Amma da rana ta take, Ba-Sulhu ya farka da ƙishirwa, ya ture marfin randar zaure, ya sa kai ya sha har ya ƙoshi. Randar ta Malam Habibullahi ce, ƙanin Baba Jaji uwa ɗaya uba ɗaya, wanda yake karantar da yaran unguwa a zauren gidan ubansu. Sau bakwai aka wanke randar. Iya Fatsuma ce ta wanke.

Bayan la'asar, mutane suna zaune a ƙofar gida, Malam Habibullahi ya gyara murya.

"Yaya, ina da magana."

"Faɗi."

"Shari'a ta yarda a ajiye kare don abu uku: farauta, ko kiwo, ko gadin gona. Wannan naka na wanne ne?"

"Farauta."

"Me ya farauto?"

"Yana shiri."

"Shekara uku?"

"Kai shekara nawa ka yi a gabas kafin ka dawo da karatu?"

"Goma sha ɗaya. Amma karatun nake yi a cikinsu, Yaya, ba barci ba."

Wani a cikin jama'a ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Kuma karen da ba ya cikin ukun nan," Malam ya ci gaba, "kullum ta Allah ana rage wa mai shi lada."

Muryar Iya Fatsuma ta fito daga bayan ƙyauren zaure. "Malam ƙarami, mai shi kaɗai, ko har mai tuƙa masa tuwo?"

Malam ya shafa gemu. "Wannan akwai saɓani a kai."

"Ni ba na zama a cikin saɓani. Kaji sun tafi, lada kuma ya bi su? Masu kejin nan a bayan babur ran Juma'a suke zuwa. A ba su shi."

Kowa ya san masu keji. Karnuka suke saye, su yi kudu da su, kuma ba gadi ake kai su yi ba.

Baba Jaji shi ne babba a gidan. Da ya ce a'a, babu mai ja. Amma idanu wajen ashirin suna kansa, kuma wani ya sake yin tarin nan.

"Alhamis," ya ce. "Alhamis zai kawo yanyawar. In bai kawo ba, Juma'a ku ba masu keji."

"Kowa ya ji?" in ji Malam.

Kowa ya ji. Maganar Baba Jaji in ta fita ba ta komawa. Da wannan aka san shi tun yana saurayi. Ya tashi ya shiga gida yana taku kamar wanda ya ci gari da yaƙi. Sai da ya zauna a bakin gadonsa ya gane abin da bakinsa ya jawo masa. Ba shi da wani kare. A shekarunsa ba zai sake rainon wani ba. Kuma babu mai tarbarsa in ya dawo daga masallaci sai wannan malalacin.

Laraba ranar shiri ce. Baba Jaji ya tafasa sassaƙen itatuwa uku ya yi wa karen wanka. Ya ɗaura masa laya a wuya. Ya ɗaure shi a gindin darbejiya, ya kafa doka: daga yanzu har gobe kada kowa ya ba shi ko ƙwayar gero. Kare mai yunwa shi ke farauta.

Ba-Sulhu ya dube shi. Bai yi kuka ba, bai yi haushi ba. Ya dai dube shi.

Da hantsi Baba Jaji ya ba shi 'yar loma ɗaya, don kada yunwa ta kashe masa gwiwa. Da azahar ya leƙo ta taga, ya ga Iya Fatsuma ta wuce da tukunya, ƙanzo ya zube mata daidai gindin darbejiya. Tukunyar ba ta karkace ba, amma ƙanzon ya zube. Da la'asar ya ga Malam Habibullahi da kansa ya tsaya nesa, ya tattare rigarsa don kada ta taɓa najasa, ya wurga ƙosai uku, ya wuce yana kallon sama. Kowa yana ganin yinin ƙarshe ne, ko kusa da shi. Kafin magariba cikin karen ya zama tulu.

A nan Idirisu ya iso. Taubashin Baba Jaji ne, mafarauci shi ma, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da zagi ba.

"Jaji, na ji an ce gobe za ka kai ragonka daji."

"Wa ya gayyace ka?"

"Wannan ai ba a jira gayyata. Har waya na zo da ita." Ya zaro wata babbar waya mai faɗin tafin hannu daga aljihu. "Ɗana Fa'izu ya aiko mini daga unguwar Takur a Dutse. Tana ɗaukar mutum yana motsi. Gobe duk Dutse za ta ga yadda ake kama yanyawa da minshari."

"Ka iya kunna ta ma?"

"Ka iya farkar da shi ma?"

Alhamis bayan sallar asuba suka fita su uku. Malam Habibullahi ya ce dole ya je, don kada a sayi matacciyar yanyawa a hanya a ce kare ne. Ya sa farar babbar rigarsa da hula, da carbi a hannu. Baba Jaji ya dubi rigar.

"Daji za mu, Malam."

"Shaida na zo yi, Yaya, ba tonon rami ba."

Idirisu ya bar karyarsa a gida, don kada a ce ita ta yi aikin. Ba-Sulhu ya biyo su a baya. Sau biyu ya zauna a hanya, sau biyu aka ja shi.

Sawun ya kai su wata jigawa a bayan gonakin gari, tudun yashi mai sabara da kalgo. Rana ta fito ke nan. Yanyawa da safe tana ciki, ta ƙoshi, ta kwanta. Raminta ba baki ɗaya gare shi ba. Yadda ake yi, a toshe bakunan duka a bar biyu: ɗaya a hura hayaƙi, ɗaya a tsayar da kare. Hayaƙi ya koro ta, kare ya tare ta.

Baba Jaji ya ƙirga baki biyar. Suka cusa ƙaya a uku, suka bi da yashi suka tattake. Idirisu ya tara busasshen kashin shanu da ƙaiƙayi a baki na huɗu, ya kunna, ya cire hularsa yana fifitawa. Hayaƙi ya fara shiga. Sai Baba Jaji ya hangi wani siririn hayaƙi yana tashi a gindin sabara, can gefe.

Baki na shida.

Babu lokacin saro ƙaya. Idirisu yana kan wuta. Shi yana riƙe da kare.

"Malam! Je ka zauna a kan ramin can."

"In zauna?"

"Ka zauna. Shaida daga zaune ma ana yin ta."

Malam Habibullahi ya dubi ramin. Ƙarami ne, ko hannu da ƙyar zai shiga. Ya yi bisimilla, ya baza rigarsa, ya zauna a kai ya tanƙwashe ƙafafu, ya ci gaba da jan carbi.

Baba Jaji ya ja Ba-Sulhu zuwa baki na biyar, babbar ƙofar, wadda sawu ya yi yawa a gabanta. Ya durƙusa duk da gwiwar. Ya kama kunnen karen ya yi masa kirari a hankali: ɗan karya mai tsoron Allah, jikan masu cin ƙaya, na Jaji ba ka da ubangida biyu. Ya kwance igiyar.

Ba-Sulhu ya miƙa hanci. Ya shinshina. Kunnuwansa suka miƙe, abin da ba su taɓa yi ba. Wutsiya ta fara kaɗawa. Ya matsa bakin ramin ya ja warin da ƙarfi har yashi ya tashi.

Baba Jaji ya zabura. "Kun gani?" ya ce. "Kun gani? Jini ya motsa!"

Karen ya zagaya sau ɗaya. Ya zagaya sau biyu. A na uku ya juya wa ramin baya, ya cusa ɗuwawunsa a ciki, ya murza har ya zauna daram kamar marfin tulu. Ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Ya ja dogon numfashi irin na wanda ya dawo gida daga doguwar tafiya. Ya rufe ido.

Wuta tana ta ci a baki na huɗu.

Sai minshari.

Idirisu ya daina fifita. Ya dubi karen, ya dubi Baba Jaji. Fuskarsa ta fara buɗewa a hankali.

"Jaji. A kan me ka ce ka kwantar da shi yana kwikwiyo?"

Idirisu bai jira amsa ba.

"Fatar yanyawa! Wata shida! Wayyo cikina! Ai gadonsa ya gano! Jama'a, mutum ya koya wa karensa in ya ji warin yanyawa lokacin barci ya yi!"

Ya faɗi a yashi yana riƙe da ciki. Baba Jaji ya tuna sawun bayan rumbu, da karen kwance a kai. Abin ya shige shi kamar ruwan sanyi. Ba lalaci ba ne. Tarbiyya ce, kuma shi ya ba da ita.

Ya kama wuyan karen ya ja. Ƙosai da ƙanzo suka riƙe shi a ramin. Ya daka masa tsawa. Ba-Sulhu ya motsa kunne ɗaya, ya gyara kwanciya.

"Yaya," in ji Malam Habibullahi daga gindin sabara, cikin murya mai tausayi, "ina ganin magana ta ƙare. Kowane abu da ajalinsa. Ni ba ƙin karen nake yi ba, Allah ya sani, amma hukunci..."

Ya tsaya. Carbin ya tsaya.

"Yaya."

"Mene ne?"

"Akwai abu a ƙarƙashina."

Baba Jaji ya saki karen. Tsohon mafarauci ne. Lissafin ya zo masa kafin ƙiftawar ido. Baki uku a toshe. Ɗaya wuta. Ɗaya kare. Hayaƙi ya cika ramin, kuma hanya ɗaya ta rage.

"Zauna!"

"Yaya, tono yake yi!"

"Zauna na ce! Danne!"

"Yana da farce! Innalillahi!"

Malam bai tashi duka ba, a yi masa adalci. Ɗagowa ya yi kaɗan, kamar mai gyara zama. Wannan ya isa. Wani abu mai launin yashi ya fito kamar an harbo shi, bai sami fili ba sai rumfar farin yadi, ya shige tsakanin babbar riga da 'yar ciki.

Abin da ya biyo baya Baba Jaji bai taɓa ganin irinsa ba a shekara sittin na daji. Malam Habibullahi ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa ƙasa ba. Hula ta yi gabas, carbi ya yi yamma. Wani ƙullutu yana zagaya jikinsa a cikin rigar, daga ciki zuwa baya, daga baya zuwa hammata, shi kuma yana bin sa da duka yana juyawa, yana salati da addu'ar shiga kasuwa da ta hawa abin hawa, duk wadda ta zo baki. Wutsiya mai baƙin kai ta leƙo ta wuyan riga, ta share masa gemu, ta koma.

"Kama bakin rigar!" Baba Jaji yana ihu. "Tattare ƙasan! Kada ta fita!"

"Ni so nake ta fita!"

Ƙafarsa ta harɗe da yadi. Ya faɗi, ya mirgina sau biyu a gangaren yashi, rigar ta nannaɗe. Baba Jaji ya manta da gwiwa. Ya faɗa a kansa, ya zare masa rigar ta ka kamar ana feɗe akuya, ya tattara bakunanta huɗu ya ƙulle da igiyar kare.

Ƙunshin ya yi ta motsi a kan yashi yana wani siririn kuka. Yanyawa ta kamu.

Malam ya zauna daga shi sai wando da 'yar ciki a yage, da karce uku a ƙirji, yana haki. Idirisu yana tsaye a kansa ya miƙa waya da hannu biyu, hawaye yana zuba masa.

"Na ɗauka. Wallahi na ɗauka tun daga farko."

Baba Jaji ya saci kallon wayar. Fuskarta baƙa ce ƙirin, babu ko ɗigon haske, kuma a juye ya riƙe ta. Ya kau da kai, ya bar Malam da zaton an ɗauka.

"To," in ji Idirisu, yana share ido da hularsa, "sai al'ada. Jaji, ka sani na sani. Yanyawar farko, wutsiyarta a wuyan wanda ya kama ta ake ratayawa, a zaga gari da shi ana busa ƙaho, gida-gida. Haka aka yi wa karnukanka tara, haka aka yi wa nawa. Yanzu a wuyan wa za a rataya?"

"Wannan al'adar karnuka ce," in ji Malam.

"Ta wanda ya kama ce. Ba mu taɓa samun wanda ba kare ba, shi ya sa. Kai ka tare ta, kai ka yi kokawa da ita, kai ka kayar da ita. Ni ban taɓa ganin fitar farko mai kyau irin wannan ba. Jaji, wannan ƙanin naka ya isa."

"Idirisu, ka ji tsoron Allah."

"Ina ji. Shi ya sa ba zan ɓoye gaskiya ba. Yaran makarantarka ma ai sai su yi alfahari. Malam Mai Yanyawa!"

Baba Jaji ya ga sunan ya sauka a kan ƙaninsa. A Kafin Dashi suna irin wannan ba ya fita. Har jikoki sai sun gada. Ya ga Malam ya dubi ƙunshin, ya dubi wayar, ya dubi karen da har yanzu yake minshari a bakin rami, hayaƙi yana fita siriri ta gefen cinyarsa.

Malam Habibullahi ba ya ƙarya. Wannan kowa ya sani. Ya nemo hularsa ya kakkaɓe ya sa, ya gyara zama kamar yana zaure.

"A bi abin a hankali," ya ce. "Yaya, ta wace ƙofa aka shirya ta fito?"

"Ta waccan."

"Me ya hana ta?"

"Kare ya toshe."

"Da bai toshe ba, ta fito a guje, akwai mai iya cim mata a cikinmu?"

Baba Jaji ya dubi gwiwarsa, ya dubi tumbin Idirisu. "Babu."

"Da ta tsere ke nan."

"Da ta tsere."

"To. Ashe toshewar ita ce sababin kamun. Ni ban nufe ta ba, ban kira ta ba, ban so ta ba. Wuri ne kawai ni da abin ya faɗa, kamar tarko ko rami. Ana rataya wa tarko wutsiya?"

"Tarko ba ya salati," in ji Idirisu.

"Ba da kai nake ba. Tare hanyar dabba har ta faɗa hannu aiki ne daga ayyukan farauta. Karen da ya yi shi kuwa karen farauta ne. Wannan ita ce shaidata."

"Yana barci fa ya yi."

"Ba a shar'anta wa kare niyya ba."

Baba Jaji ya juya baya ya yi kamar yana kashe wuta, ya daɗe yana tattaka tokar da ta riga ta mutu. Da ya juyo, fuskarsa ta koma yadda aka san ta.

"Abin da na koya masa ke nan," ya ce. "Toshe rami. Ba kowane kare ke iyawa ba."

Idirisu ya sake faɗuwa a yashi yana dariya.

Sai da su biyu suka kama ƙafafun gaba suka ja kafin Ba-Sulhu ya fito. Ya yi hamma, ya yi miƙa, ya bi su gida. An yi wa yanyawar abin da ake yi wa ɓarauniyar kaji tun a daji, aka ɗaura wutsiyar a jikin layar wuyansa. Malam ya bi ta bayan gari ya shiga ta ƙofar awaki, rigar a naɗe a hammata.

Iya Fatsuma tana tankaɗe a tsakar gida suka shigo. Baba Jaji ya ajiye yanyawar a gabanta. Ta dube ta. Ta dubi karen da wutsiya a wuya, babu ko ƙwarzane a hancinsa. Ta dubi Malam Habibullahi, da karcen da ke leƙowa ta wuyan 'yar cikinsa, da yashin da ke cikin gemunsa.

"Malam ƙarami, kai ne shaida. Karen farauta ne?"

"Karen farauta ne."

"Ladana yana nan?"

"Yana nan, in sha Allahu."

"Alhamdu lillahi. Karen ya zauna." Ta ci gaba da tankaɗe. "Idirisu, yanyawa ita kaɗai take zama a rami?"

"Ina! Gida guda ne. Akwai mijin, akwai 'ya'ya. Ba za su kasa biyar ba."

"To sauran ma cin kaji suke yi. Tunda kare ya isa, Asabar sai ku koma." Ta ɗaga rariyar ta buga gefenta. "Har da kai, Malam. Na ga abin ba ya yiwuwa sai da shaida. Kawo rigar in ɗinke maka kafin nan."

Malam Habibullahi ya dubi yayansa. Baba Jaji yana durƙushe yana dama wa karen fura a kasko, bai ɗago ba.

"Ka sa riga mai kauri, Malam," ya ce. "Mijin ya fi ta farce."